Ranar da Dattijuwa ta tsaya a Kwanar Ɗangora

Mu tagwaye ne, kuma tun muna aji huɗu na firamare Baba ya ware mana aiki guda a gida. Kowace safiya bayan sallar asuba za mu ɗaga bonet ɗin motarsa, ɗaya ya zaro sandar baƙin mai ya goge ya mayar ya duba, ɗaya ya buɗe murfin lagireto ya cika ruwa. Motar ta girme mu, ta girmi Yayarmu, Umma ma takan ce da kaɗan ta girme ta. An ƙera ta a farkon shekarun 1980 a wata ƙasar Turai, ta gama ƙuruciyarta a can, ta shigo ta Kwatano, ta bi hannu biyu kafin ta iso hannun Baba. A gida sunanta Dattijuwa. A makaranta kuwa abokanmu sun raɗa mata Sai-an-tura, kuma ba sharri suka yi mata ba. Sau da yawa a bakin ƙofar makaranta muke naɗe hannun riga muna turi, 'yan ajinmu na tafi suna ba mu ƙwarin gwiwar ƙarya. Da muka shiga sakandare sai muka fara roƙon Baba ya riƙa sauke mu a kwana, wai muna son motsa jiki. Ya gane, bai ce komai ba.

Shekara biyu da suka wuce, muna SS1, Yaya za ta rubuta jarrabawar shiga jami'a. Cibiyar da aka ba ta a Zariya take, mu kuma muna Kano, kuma ƙarfe biyu na rana aka sa mata. Watan Afrilu ne, lokacin da kwalta ke laushi da rana. Umma ta ce a bar Yaya ta tafi tun ana gobe ta kwana gidan Goggo. Baba ya ce babu buƙata, in an tashi da safe har hutawa za ta yi kafin a shiga. Muna cikin hutun zango na biyu, sai aka ce mu ma mu bi mu gaida Goggo.

Mun bar gida ƙarfe takwas da rabi. Kafin Kwanar Ɗangora muka tarar da cunkoso, ana aikin hanya, an haɗe motocin ɓangare biyu a hannu ɗaya. Sama da awa biyu muna tafiyar kunkuru, a matsa taku goma a tsaya. Zafin da ke tasowa daga ƙarƙashin kujerun gaba har ƙafafunmu yake gasawa. Da ƙyar hanya ta buɗe. Baba ya taka totur, Dattijuwa ta yi tari sau uku, ta yi shiru.

Baba ya murza makulli, inji ya juya bai kama ba. Ya sake, ya sake, har batir ya fara jan numfashi. Muka fita muka tura, ta ƙi. Ya buɗe bonet ya duba wayoyi, ya ƙwanƙwasa kan batir da dutse, yana ta cewa, "Yanzu za ta tashi, halinta ne." Yaya na zaune a baya da takardarta a hannu tana kallon agogo. Minti arba'in suka tafi a haka kafin ya haƙura ya fara tsayar da motocin haya, su kuwa duk a cike suke fitowa daga cunkoson. Ƙarfe ɗaya ta gota kafin suka samu wuri biyu. Ya miƙa mana makulli, ya ce mu tsare motar har su dawo.

Muna zaune a inuwar wata darbejiya sai wani dattijon direban babbar mota da ya tsaya yin alwala ya leƙo. Ya tambayi yadda ta mutu, muka faɗa masa. Ya ce mu sayo ruwan leda biyu. Ya jiƙa tsumma sharkaf, ya naɗe wani ɗan kwano da ke manne a jikin inji da bututun da ke shiga cikinsa, ya ce mu ba ta minti goma. Da lokacin ya cika ya ce, "Ɗan samari, murza." Ɗayanmu ya murza. A juyi na uku Dattijuwa ta tashi tana rawar jiki kamar ba ita ba. Dattijon ya yi dariya ya tafi. Mu dai dariyar ba ta zo mana ba, domin lokacin ƙarfe biyu saura kwata.

Bayan la'asar suka dawo. Ba sai mun tambaya ba, idanun Yaya sun ba mu amsa. Sun isa an riga an fara, ba a bar ta ta shiga ba. Aka juya gida babu mai magana. Kuma kamar abin bai isa ba, muna dab da Kura allurar zafi ta haye ja, tururi ya taso daga bonet, inji ya fara wani irin ƙara ya mutu. Da igiya aka jawo mu cikin gari bayan isha'i.

A daren nan muka yi abin da har yau muke jin kunyarsa. Muna tsakar gida muna ce wa Umma, da murya yadda kowa zai ji, ai da Baba ya rabu da wannan akwalar tun tuni da Yaya ba ta yi asarar shekara ba, kuma mutum ya san motarsa ba ta da lafiya ya ɗora mata makomar 'yarsa. Baba na ɗakinsa, taga a buɗe. Umma ta daka mana tsawa, amma magana ta riga ta fita. Da safe ya hau Adaidaita Sahu ya tafi harkarsa, bai ce mana uffan ba. Goggo kuwa da ta ji labari a waya cewa ta yi wannan hannun maƙiya ne, in ba haka ba wace mota ce za ta mutu ba dalili, ta tashi ba dalili, kuma sai a ranar jarrabawa?

Kawu, ƙanin Umma, bakanike ne. Garejinsa aka kai motar. Kuɗin aikin sun fi ƙarfin aljihun Baba a lokaci guda, sai Kawu ya ce shi zai yafe ladan hannunsa, da sharaɗin a ba shi 'yan biyu su zama yaran aiki har hutu ya ƙare. Haka muka samu kanmu cikin tsofaffin riguna, muna wanke ƙusoshi da kananzir, yaran garejin na kiran mu "'yan boko".

Ranar farko bai taɓa sifana ba. Ya zana da'ira huɗu a ƙasa da tsinke ya ce mu gaya masa abin da aka koya mana a makaranta game da inji. Muka karanto masa yadda muka haddace: fistin ya sauka ya shaƙi iska da fetur, ya hau ya matse su, filogi ya ba da wuta su fashe su tura shi ƙasa, ya sake hawa ya kori hayaƙi. Har muka ƙara masa da cewa wani Bajamushe, Nikolaus Otto, ne ya ƙera injin farko mai aiki a kan wannan tsari a 1876. Ya ce madalla, to mu yi masa lissafi. Inji mai silinda huɗu yana fashewa sau biyu a kowane juyi. In yana juyi 3,000 a minti, sau nawa wuta ke tashi a cikinsa a daƙiƙa ɗaya? Muka buga a ƙasa, ya ba mu 100. Ya ce, "To kun gani. Wuta ɗari a daƙiƙa, a cikin ƙarfen da bai fi akwatin lefe girma ba. Kuma abin da ke tura mota daga ƙarfin fetur ɗin bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Sauran duk zafi ne, wani ya bi salansa, wani ya bi ruwa. Wanda ya fahimci inda zafi ke bi ya fahimci rabin kanikanci."

Da aka sauke injin aka fara warware shi, Kawu ya sa muka shimfiɗa buhu uku a ƙasa. Ya ce ciwon mota iri uku ne. Akwai na tsufa, akwai wanda aka haife ta da shi, akwai na riƙo. Duk abin da aka ciro mai matsala, sai mun faɗi buhun da ya dace da shi kafin a ajiye.

Buhun tsufa ne ya fara cika. Zoben fistin sun side, shi ya sa take fitar da shuɗin hayaƙi da safe, baƙin mai ke haurawa yana ƙonewa. Robobin ruwa sun bushe sun tsattsage. Sai kuma kwantak, wasu 'yan ƙarafa biyu a cikin distributa masu buɗewa da rufewa duk lokacin da filogi zai ba da wuta. Tazarar da ake bari a tsakaninsu ba ta kai rabin milimita ba, kuma kowace buɗewa ɗan tartsatsi na cin fuskarsu. In suka cinye, wuta ta yi rauni, mota ta ƙi tashi da safe. Wannan shi ne asalin sunan Sai-an-tura. Tun shekarun 1970 kamfanoni suka fara maye gurbin kwantak da na'urar lantarki wadda babu abin da ke gogar wani a cikinta, amma tamu tana cikin waɗanda suka zo da tsohon tsari. Kawu ya ce tsufa ba laifin kowa ba ne, abin da ke goguwa dole ya side, mai mota dai ya san lokacin canji.

Sai muka zo kan ɗan kwanon da dattijon nan ya naɗe da tsumma. Famfon fetur ne. A tsofaffin motoci masu kafireta a jikin inji ake ɗaure shi, juyin injin ne ke motsa shi, yana zuƙo fetur tun daga tanki a baya kamar mai shan lemo da tsinken roba. Kawu ya nuna mana bututun da ke kawo masa man, ya ratsa bai fi faɗin yatsa uku ba daga bakin salansa, wurin da ya fi ko'ina zafi. Ya ce fetur ba kamar ruwa ba ne, sassansa mafi sauƙi tun wajen digiri 40 suke fara tafasa, kuma abin da ake zuƙa ya fi saurin tafasa a kan abin da ake turawa. In mota na gudu, iska na shiga tana sanyaya wurin, sabon mai mai sanyi na wucewa da sauri. A cunkoso kuwa babu iska, man na tafiya a hankali, sai ya tafasa a cikin bututu ya zama tururi. Famfon kuma ruwa aka yi shi ya ja, in ya haɗu da tururi sai ya yi ta bugun banza, kafireta ta bushe, mota ta mutu. In wurin ya huce, tururin ya koma ruwa, ta tashi kamar ba a yi ba. Aikin da jiƙaƙƙen tsumma ya yi ke nan. A motocin yanzu famfon lantarki ne a cikin tanki, yana turo man da matsi mai ƙarfi, shi ya sa wannan ciwo ya yi ƙaranci.

Ɗayanmu ya tambaya, "Kawu, to waɗanda suka ƙera ta ba su san haka ba ne?" Ya ce wanda ya zana hanyar bututun nan yana zaune ne a garin da in zafi ya kai digiri 30 ake cewa an yi rana. Mota ce da aka yi wa titinsu da yanayinsu, ba irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna da Legas tun 1975 don a yi amfani da su a nan ba. A can za ta iya shekara goma ciwon bai nuna ba. Ya ɗauki famfon da bututun ya ajiye a buhu na biyu. Ya ce, "Wannan da shi aka haife ta. Babanku bai sa mata ba, kuma duk wankin da zai yi mata ba zai cire shi ba."

Daga nan ya ba mu labarin da ogansa ya koya masa yana yaro, na Volkswagen Beetle, motar nan mai doro kamar kunkuru da injinta ke baya. Ita ba ta da lagireto, fanka ce ke hura iska a kan silindoji huɗu. Amma a tsofaffin samfurinta, abin da ke sanyaya baƙin mai yana tsaye ne a kan hanyar iskar da ke zuwa gefen hagu, sai iskar ta ɗau zafi kafin ta isa silinda ta uku. Ita ce kullum ta fi sauran zafi, bawul ɗin hayaƙinta ne ke fara ƙonewa, wani lokaci kansa ya gutsure ya faɗa kan fistin, inji ya buga. Kamfanin ya san da matsalar. Da farko dabara ya yi, ya ɗan jinkirta wutar silinda ta uku a distributa don ta rage zafi. Sai a 1971 ya matsar da abin sanyayawar gefe, ya ba shi hanyar iskarsa daban. Kawu ya ce mu lura, wannan mota ce da aka ƙera sama da miliyan 21 kafin a daina a Meziko a 2003, mota ce da duniya ta yarda da ƙarkonta, amma ta yi fiye da shekara ashirin tana yawo da wannan tabo.

Da muka koma gida muna ba da labari a wajen cin tuwo, ba mu zaci Yaya na ji ba. Tun ranar Zariya ba ta cika magana ba. Washegari da daddare sai ga ta da wayarta, ta ce mu matso ta karanta mana abin da ta samo.

Na farko daga Amurka ne. Bayan tsadar mai ta 1973, kamfanin General Motors ya so ya yi saurin fito da motar gida mai amfani da dizal, saboda dizal ya fi fetur auki. A 1978 sashensa na Oldsmobile ya fito da inji mai silinda takwas, lita 5.7, wanda aka gina a kan tsarin injinsu na fetur. To injin fetur na lokacin yana matse iska kamar sau 8 ne, na dizal kuwa sama da sau 22. Duk da haka aka bar yawan ƙusoshin da ke ɗaure kan silinda yadda suke, goma a kowane gefe. Ƙusoshin suka riƙa miƙewa suna karyewa, gasket na ƙonewa. Ba a kuma sa abin da ke raba ruwa da dizal ba, sai ruwan da ke cikin man ya riƙa sa famfon allura tsatsa. Masu motoci suka kai ƙara kotu, aka daina injin a 1985, kuma Amurkawa suka daɗe suna gudun motar gida mai dizal.

Na biyu daga Jamus ne. A 1967 kamfanin NSU ya fito da mota mai suna Ro 80, da injin da Felix Wankel ya ƙirƙiro, wanda babu fistin a cikinsa. Wani ƙarfe ne mai kusurwa uku ke juyawa a cikin rami, kowace kusurwa da siririn abin toshewa da ke gogar bango. Motar ta yi kyau, ba ta da jijjiga, har ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1968. Amma abubuwan toshewar nan suka riƙa sidewa da wuri, musamman a hannun masu gajeriyar tafiya cikin gari, injuna da yawa suka mutu ba su kai kilomita 50,000 ba. Kamfanin ya yi ta canja wa mutane inji kyauta har ya durƙushe, Volkswagen ya karɓe shi a 1969. An gyara matsalar daga baya, amma sunan motar ya riga ya ɓaci. Da aka daina ta a 1977, wajen 37,000 kacal aka ƙera.

Muka kai wa Kawu waɗannan labarai da zafinsu. Ya saurara yana goge hannu, ya ce waɗannan mutane ba wawaye ba ne, injiniyoyi ne da suka fi shi karatu nesa ba kusa ba. Amma kowane mai zane yana da abin da ke matsa masa, ko kuɗi, ko lokaci, ko kishiya a kasuwa. Ɗaya ya yi gaggawa ya ɗora sabon kaya a kan tsohon jaki, ɗaya ya sayar da abin da bai gama gwadawa ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai, in kuwa kamfani bai gwada a gida ba, mai saye ne zai gwada masa a kan hanya da iyalinsa a ciki.

Mun ji daɗin wannan magana, domin ta ba mu wanda za mu ɗora wa laifi, wani Bature da ba mu sani ba. Har mun fara shirya yadda za mu ba Baba haƙuri mu ce ashe masu motar ne. Buhu na uku dai yana nan ba komai a kansa.

Ranar da aka ɗaga kan silinda, baƙin man da ya zubo ya koma kalar shayi mai madara, alamar ruwa ya shiga. Gasket ya ƙone tsakanin silinda ta biyu da ta uku. Kawu ya ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar kan silindar ya ce mu durƙusa mu leƙa, muka hango haske a ƙarƙashinsa. Ya lanƙwashe. Ya ce kan na alminiyom ne, gangar jikin ta baƙin ƙarfe, kuma in zafi ya tashi alminiyom na buɗewa kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe, abin da muka taɓa rubutawa a darasin Fiziks ba mu san inda zai yi mana amfani ba. Ya sa aka buɗe lagireto, rabin 'yan bututunsa sun toshe da tsatsa da farin dutse irin na gindin butar shayi. Ya tambayi wane ruwa ake zuba mata. Muka ce na rijiyar gida. Ya kaɗa kai, ya ce ruwan rijiya na ɗauke da gishirin ƙasa, ruwan ya ƙone ya bar shi a ciki, ga shi babu maganin tsatsa irin na ruwan lagireto da ake sayarwa a galan.

Sannan ya ɗauko murfin lagireto ya juya shi. Ya sa farce ya zaro wata baƙar roba da aka yanka da reza, gefenta duk a karkace. Ya ɗaga ta sama ya ce, "Wane gwanin ne ya yi wannan?"

Mu ne. Wata huɗu kafin tafiyar, murfin ya suɓuce mana ya faɗa kwata, robarsa ta fita ta ɓace. Tsoron faɗa ya sa muka yanko tiyub ɗin keke muka cusa, muka ga ya zauna, muka yi shiru. Kawu ya bayyana mana cewa murfin nan ba marfin tulu ba ne. Akwai sifirin a cikinsa da ke riƙe matsi, kuma matsin ne ke hana ruwa tafasa a digiri 100, ya kai shi wajen 120. In roba ba ta toshe ba, matsi ya tsere, ruwa ya tafasa da wuri ya riƙa fita a tururi kaɗan-kaɗan. A cikin gari ba a gani, tunda kullum ana ƙarawa. A cunkoson awa biyu da ranar Afrilu kuwa sai ya ƙafe. Ya kalle mu ya ce, "Da safen ranar kun cika ta?" Ba mu cika ba. Mun makara muna guga, Baba ya tambaya daga ɗaki, muka ce mun duba.

Kawu ya ajiye murfin da robar a buhu na uku. Bai zage mu ba. Cewa kawai ya yi laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, kuma shi ba zai kai ƙararmu ba, bakinmu ne ya yi waccan maganar a tsakar gida, shi ne zai yi wannan.

Kwana biyu muna ɗauke da murfin a aljihu. A dare na uku muka yi sallama ɗakin Baba, muka durƙusa, muka ajiye shi a gabansa, muka faɗi komai. Mun kuma gaya masa abin da muka koya game da famfon, cewa tsayawar farko, wadda ta hana Yaya jarrabawa, ciwo ne da motar ta zo da shi. Ya juya murfin a hannunsa ya daɗe. Ya ce injin da muka ƙona kuɗi ne, kuɗi kuma ana samu. Ƙaryar "mun duba" ce ba ya so ya sake ji, domin da a ce birki ne ya tambaya, da yanzu wani zancen ake. Sai ya ce akwai abin da Kawu bai sa a buhu ba. Shi ya san halin motarsa da zafi, ya san hanyar ana aiki, Umma ta ba da shawara ya ƙi. Ya tsara tafiyar ne a kan cewa komai zai tafi daidai, bai bar wa matsala wuri ba. Ya kira Yaya, a gabanmu ya ba ta haƙuri. Ba mu taɓa ganin haka ba, kuma ba mu san inda za mu sa idanunmu ba.

An kai kan silindar an kankare fuskarsa ta daidaita, an sa sabon gasket da zobba, an wanke lagireto, an sayi murfi na ainihi. Kawu ya canja wa bututun fetur hanya, ya yanko gwangwani ya yi wa famfon garkuwa daga zafin salansa. Ya hore mu da abu biyu da muke so duk wanda ake sa wa duba mota a gidansu ya riƙe: kada a buɗe murfin lagireto inji na da zafi, domin ruwan zai yi tsalle ya sale fuska, kuma kada a kwara ruwan sanyi a kan injin da ya ɗau zafi, kan silinda na iya tsagewa. A kashe, a jira ya huce.

Da shekara ta zagayo, tun ana gobe Baba ya raka Yaya tasha da kansa, ta kwana gidan Goggo, ta rubuta, ta ci. Yanzu tana aji ɗaya, ƙawayenta na aji biyu. Ba ta taɓa yi mana gorin shekarar nan ba, mu ne dai muke tunawa duk lokacin da ta ambaci sunan wata a cikinsu.

Dattijuwa na nan. Ba ta zuwa Zariya, amma tana kai Umma kasuwa, tana kai mu makaranta har bakin ƙofa. Akwai ɗan littafi a aljihun gabanta da muke rubuta kwanan wata da abin da muka gani kowace safiya, wanda ya duba ya sa hannu. Makon jiya ruwa ya ragu da kusan rabin kofi kwana uku a jere. Mun rubuta, mun gaya wa Baba, ranar Asabar za mu kai ta wajen Kawu a nemo inda yake bi.